Kunyar bashi ta raba ni da coci, damuwa ta raba ni da barci

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, shekarata 41, 'ya'yanmu huɗu, muna zaune a Kaduna. Shekara goma sha biyar ke nan ina cikin Zumuntar Mata, ni ce ma nake ba da waƙa. Bara aka sallami maigidana daga aiki, ɗan shagon kayan masarufi da nake riƙe da shi kuma jarin ya karye. Kuɗin wata na zumunta ya taru a kaina, ankon taron shekara ma na kasa saya. Wata Talata ma'ajiyarmu ta miƙe ta karanta sunayen waɗanda ake bi bashi a gaban kowa, nawa ne na biyu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar ban ƙara taka ƙofar coci ba, yau wata bakwai. Yara suna zuwa makarantar Lahadi, ni kuwa a waya nake jin wa'azi. Da dare ba na barci, lissafin haya da kuɗin makaranta nake yi har asuba, gabana yana ta faɗuwa. Maigidana ya ce rashin bangaskiya ke damuna, ai Littafi ya ce kada mu damu da komai. In na ji ana cewa Kirista kullum cikin farin ciki yake, sai in ga kamar Allah ya juya mini baya. Sau biyu matar fasto tana zuwa, ina sa yara su ce ba na nan. Mama, damuwar nan zunubi ce? In koma cocin da ba a san ni ba, ko in yi zamana a gida har Allah ya buɗa mana?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

'Yata, salamar Ubangiji ta zauna a gidanki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun na daɗe a wurin da kika ce ke ce mai ba da waƙa. Macen da ta yi shekara goma sha biyar tana ɗaga murya mata suna amsa mata, ana buga tulu ana kaɗa gora, yau ta koma ɗaki ita kaɗai da waya a kunne. Rashi ne babba, kuma na lura ba ki sa shi cikin lissafin da kike yi da dare ba. Kina ƙirga haya, kina ƙirga kuɗin makaranta, amma kin manta ki ƙirga cewa a wata bakwai ɗin nan kin rabu da mutanen da kika saba kuka da dariya a tsakiyarsu. Ina zaton rabin nauyin da ke danne miki ƙirji daga nan yake.

Abin da aka yi miki ranar Talatar nan bai dace ba, ba zan shafa masa mai ba. Bashin zumunta ana bin sa ne a keɓe, mace da mace, bayan an tambayi lafiyar gida. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta tsawata wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Karanta sunan mace a bainar jama'a don hannunta ya gaza ɗan'uwan wannan halin ne. Don haka kada ki zargi kanki cewa kin cika fushi ko kin cika girman kai da abin ya yi miki zafi. Duk mai mutunci zai ji zafinsa.

Sai dai ki dubi wata kalma da kika rubuta da hannunki. Kin ce sunanki ne na biyu. Ke nan akwai ta ɗaya, akwai ta uku, wataƙila har ta goma. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da kwanon masara da hayar ɗaki duk suka bi ta. Shagunan unguwa irin naki da yawa haka suka karye, domin mai shago tana sayar da kaya yau, gobe ta je sari kuɗin ba zai sayo rabinsu ba. Ba sakacinki ba ne. Matan da aka karanta sunayensu tare da ke, kin taɓa tambayar ina suke? Ba zan yi mamaki ba in wata cikinsu ita ma tana ɗaki tana zaton ita kaɗai aka tozarta.

Yanzu ga tambayar da ta fi ci miki rai, ko damuwarki zunubi ce. Ayar da maigidanki ya kawo miki tana cikin Filibiyawa 4:6, kuma gaskiya ce, tana nan. Amma ina so ki ɗauki Littafi Mai Tsarki ki karanta wasiƙar gaba ɗayanta a zama ɗaya, sura huɗu ce kacal, ba za ta ci miki minti ashirin ba. Za ki ga manzo Bulus a ɗaure yake lokacin da ya rubuta ta, bai san ko sakin sa za a yi ko kashe shi ba. Za ki ga a sura 2 yana ba da labarin Abafaroditas, mutumin da ikkilisiyar Filibi ta aiko ya yi masa hidima, wanda ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa. Bulus ya ce Allah ya ji tausayin Abafaroditas, ya kuma ji tausayinsa shi kansa, don kada baƙin ciki ya hau kan baƙin ciki. Wannan maganar mutumin da ya san ɗacin rai ce. A 2 Korantiyawa 11:28 ya faɗa da bakinsa cewa kullum damuwar ikkilisiyoyi tana danne shi. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya gaya wa Bitrus da 'ya'yan Zabadi biyu cewa ransa yana baƙin ciki matuƙa har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna su yi tsaro tare da shi. In har Ɗan Allah a daren da ya fi kowane dare nauyi ya nemi mutum uku su zauna kusa da shi, ke me zai sa ki ce sai kin ɗauki naki ke kaɗai?

Faɗuwar gaban uwa mai 'ya'ya huɗu da haya a kanta ba shaidar cewa Allah ya yashe ta ba ce. Ayar nan ta Filibiyawa ba bulala ba ce da za a zane mai rauni da ita. Ki karanta ta har ƙarshe tare da ayar da ke bin ta: ta ce a cikin kowane abu a kai wa Allah roƙo ta wurin addu'a tare da godiya, sa'an nan salamar Allah da ta wuce ganewar mutum za ta tsare zuciya da tunani. Hanya ake nuna wa mai damuwa, inda zai kai kayansa ya sauke. Inda damuwa take zama haɗari shi ne in ta rufe ki a ɗaki, ta sa ki ɓoye wa masu ƙaunarki, ta sa yaranki su faɗi abin da ba gaskiya ba a bakin ƙofa. Wannan na ƙarshen ki gyara shi da wuri, 'yata. Ki tara su ki ce musu kin yi kuskure da kika sa su faɗi haka, kunya ce ta kama ki. Yara suna gane abin da ya fi wannan, kuma za su girmama ki.

Akwai wani abu a wasiƙar Filibiyawan nan da ba a cika wa'azi a kansa ba, ni kuwa shi ya fi taɓa ni saboda ke. Kowa ya haddace inda Bulus ya ce ya koyi wadar zuci a kowane hali, ya san zaman ƙoshi ya san zaman yunwa, yana iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa shi. Sai a rufe littafin a nan. Amma aya ta gaba, ta 14 a sura 4, cewa ya yi duk da haka sun kyauta da suka yi tarayya da shi cikin wahalarsa. Ya tuna musu cewa tun yana Tasalonika sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba, ya ce ya karɓi saƙonsu daga hannun Abafaroditas, ya wadatu. Manzo guda, mai kafa ikkilisiyoyi, ya miƙa hannu ya karɓi taimako bai ji kunya ba, har ya rubuta godiya ana karantawa yau kusan shekara dubu biyu. Waɗanda suka aika masa ɗin ma ba attajirai ba ne, domin a 2 Korantiyawa sura 8 ya shaida cewa ikkilisiyoyin Makidoniya, inda Filibi take, cikin matsanancin talauci suke bayarwa da yalwar farin ciki. Wadar zucin Bulus a tsakiyar mutane ta girma, masu zuwa da masu aikowa. Kuma ya ce koyon ta ya yi. Abin da ake koyo yana cin lokaci, ana faɗuwa ana tashi, saboda haka kada ki yanke wa kanki hukunci don ba ki iya ta cikin wata bakwai ba.

Shi ya sa shawarar zama a gida har Allah ya buɗa ba ta kwanta mini ba. Kina jira ne sai kin sami farin ciki da sabon anko sa'an nan ki koma, kamar su ne kuɗin shiga. Wa'azin waya yana da amfaninsa, amma waya ba za ta ga idonki ya faɗa ta tambaye ki lafiya ba, ba za ta miƙo miki gurasar Jibin Ubangiji ba, ba kuma za ta amsa miki waƙa ba. Ni ma na taɓa shiga irin wannan ramin shekarun baya, lokacin da albashin maigidana ya tsaya wata da watanni. Na janye jikina daga zumunta ina cewa ba ni da lafiya. Wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba ta riƙa zuwa kowace Alhamis da ƙullin kuka da daddawa, ta zauna a tabarma, ba ta yi mini wa'azi ko sau ɗaya ba, sai dai ta ja waƙa ƙasa-ƙasa ta jira in amsa. Mako na uku na amsa, ina hawaye. Bashinmu bai ragu da ko kwabo a ranar ba, amma daren nan na yi barci.

Canza coci kuma ba laifi ba ne a kan kansa, akwai lokacin da yake zama dole, in wuri ya zama na zalunci ko koyarwa ta karkace. Naki bai kai can ba tukuna. Mutum ɗaya ce ta yi miki ba daidai ba a rana ɗaya, wata kuma daga wannan cocin ta tako har ƙofarki sau biyu. Ki auna su biyun da adalci. In kika tafi inda ba a san ki ba, za ki zauna a bencin baya ki fita ba wanda ya san kwanon gidanki babu komai, ciwon kuma yana nan yadda yake, yaranki suna wani coci ke kina wani. Ki fara gwada gyara. In kin yi iyakar ƙoƙarinki aka ƙi saurarenki, ko aka maimaita cin fuskar, to ku zauna da maigidanki ku zaɓi wata ikkilisiya tare, ku yi sallama da fasto da rana tsaka, ku tafi da takardar shaida kamar yadda aka saba.

Ta ƙaramar ƙofa za ki koma, ba sai kin fara da sujadar Lahadi da idon jama'a ba. Zumunci a ƙafa yake, matar fasto ta yi nata tattakin, saura naki. Ki je gidanta a ranar da ba taro, ki fara da neman gafarar ɓuyan da kika yi mata, sa'an nan ki faɗa mata komai yadda kika faɗa mini, har da rashin barcin. Ki roƙe ta abu biyu. Na farko, ta yi magana da shugabannin zumunta a kan bashinki, ko a yafe, ko a raba miki shi kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinki. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce bayarwa abar karɓa ce gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a neman abin da ba shi da shi. Na biyu, ta raka ki wurin ma'ajiya.

Na san wannan na biyun zai yi miki nauyi. Amma ki sa kanki a matsayin ma'ajiyar na ɗan lokaci. Riƙon kuɗin mata aiki ne mai jawo zargi, in lissafi bai cika ba ita za a nuna da yatsa, mai yiwuwa ma kwamiti ne ya ce ta karanta, ko kuwa haka ta tarar ana yi. Wannan bai wanke abin da ya faru ba, amma zai iya yiwuwa har yau ba ta san ita ce sanadin ɓacewarki ba. Matiyu 18:15 ta ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu. A cikin wasiƙar Filibiyawan nan ma, kafin Bulus ya ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, sai da ya roƙi mata biyu, Afodiya da Sintiki, su daidaita, ya kuma roƙi wani abokin aikinsa ya taimake su, yana shaida cewa sun yi fama tare da shi a aikin bishara. Matan zumunta ne na zamaninsu, masu himma, suka sami saɓani, aka nemi na uku ya shiga tsakani. Ki gaya wa ma'ajiyar da sanyin murya yadda kika ji a ranar, ki kuma nemi a daina karanta sunaye, saboda ke da saboda sauran. In ta ba da haƙuri, ki karɓa. In ta tsaya kare kanta, kin sauke naki, sauran aikin shugabanni ne.

Maigidanki kuma, kada ki riƙe maganarsa a zuci. Namijin da aka sallama daga aiki yana kallon matarsa tana ramewa, bai da abin ba ta, sau da yawa ayar da ya jefa mata ita ce abin da ya rage a hannunsa, wataƙila ma kansa yake faɗa wa. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci ki ce masa, Baban yara, ba gardamar bangaskiya nake so mu yi ba, so nake mu zauna mu rubuta abin da ake bin mu. Ku ɗauki takarda da biro ku jera komai da adadinsa da ranar biyansa. Bashin da yake yawo a kai cikin duhu ya fi wanda aka rubuta girma sau goma. Ku ware wanda ba ya jira, kamar haya da abinci, da wanda za a iya roƙon lamuni. Shi ya je wurin mai gida tun wa'adi bai cika ba, ke ki je wurin shugaban makarantar yara ki nemi biya kashi-kashi. Mutane sun fi sassauta wa wanda ya zo da ƙafarsa kafin a neme shi. Ina roƙonki kuma, ku nisanci bashin manhajojin waya masu ruwa mai yawa, waɗanda in an makara suke aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar mutum. Wanda kunya ta riga ta yi wa rauni bai kamata ya kusanci wannan ba.

Ki tuna matar nan ta 2 Sarakuna sura 4 da mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Elisha ya tambaye ta me take da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan mai a kwalba. Ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tandaye, ya ce kada ta aro kaɗan. Sai da ta bi gida-gida kowa ya san halin da take ciki kafin man ya zuba, daga baya aka ce ta sayar ta biya bashi, su ci sauran. Ke ma ki tambayi kanki me ya rage a gida. Kin san sari, kin san masu saye a unguwarku, kina da teburi da rumfa. Ba sai shago cike ba, kaya iri biyu ko uku masu saurin fita sun isa farawa. Ikkilisiyoyi da yawa suna da asusun taimakon mabukata, mata kuma suna da adashi. Ki tambaya kai tsaye, kuma in an ba ki, ki karɓa da hannu biyu yadda Bulus ya karɓa.

Game da daren, ga abin da ya taimake ni. Kafin ki kwanta, ki rubuta abubuwan da suke cin ranki, ki kai su gaban Allah ɗaya bayan ɗaya da sunansu da adadinsu, sa'an nan ki ambaci abu uku na ranar da za ki gode masa a kansu, ko da tuwon dare ne da lafiyar autanki. Ki rufe takardar ki ajiye ta nesa da gado tare da wayar. In kin farka tsakar dare lissafi ya taso, ki ce wa ranki an riga an miƙa wannan, sai da safe. Yesu ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta. In barcin ya ƙi, ki tashi zaune ki rera ɗaya daga cikin waƙoƙinki a hankali. A garin Filibin nan ne Bulus da Sila suka yi ta addu'a da waƙa da tsakar dare a kurkuku, bayansu duk tabon bulala, sauran 'yan sarƙa suna saurare.

Amma kada ki tsaya a nan, domin jiki ma yana da haƙƙinsa. Wata bakwai na rashin barci da faɗuwar gaba a shekara 41 abin dubawa ne. Cikin makon nan ki je asibitin unguwa a gwada miki hawan jini, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a gwaji fiye da ɗaya, ki bi maganar likita. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki. Ki faɗa wa likitan gaskiya in abinci ya fita ranki, in kuka yana zuwa miki ba dalili, ko in abubuwan da kike jin daɗinsu dā sun daina yi miki daɗi. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana da magani, a nan Kaduna ma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, masu zuwa can da yawa mutane ne irina da irinki da tunani ya yi wa yawa. In kuma wani dare tunanin cewa gara ki mutu ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki tashi maigidanki a take, gari na wayewa ku nemi likita da fasto.

Ranar da za ki koma zumunta, ki sa tsohon ankonki, ki wanke shi ki goge. Ki nemi ɗaya daga cikin matan da aka karanta sunansu tare da ke ku shiga tare. Ba sai kin ba da waƙa a ranar ba, ki zauna cikinsu ki amsa ta wasu har muryarki ta dawo da kanta. Amma fara da gidan matar fasto, kada ki bari Lahadi biyu su wuce. In kin je, ki rubuto mini yadda kuka yi da ita da ma'ajiya, da abin da gwajin jinin ya nuna. Ina sa ki cikin addu'ata, ke da maigidanki da yaran huɗu.